Kwarkwatar kifin salmon da sauyin zafi da sanyi a gonakin Norway

Ɗan'uwa, ka ce a gonar salmon da kake aiki a Norway kwarkwatar teku na yawaita ƙarshen lokacin zafi, sannan da sanyi kifin ya cika da gyambo. Abu biyun suna da alaƙa.

Ɗumin ruwa ne ke sa kwarkwatar girma da hayayyafa da sauri. Tana manne wa kifi ta cinye yauƙin fatarsa, wanda shi ne garkuwarsa ta farko. Duba bayan kai da gindin ƙayar baya, za ka ga wurin ya goge ya yi fari. Daga nan sai a yi ta kama kifin ana wanke shi don cire kwarkwatar, ya galabaita, fata ta kurje. Da sanyi ya shigo rauni ba ya saurin warkewa, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Abin da ya fi damuna shi ne maimaita magani ɗaya, domin kwarkwatar ta riga ta saba da yawancin magungunan. Ku riƙa ƙirga ta a kai a kai. Iyakar da dokar Norway ta sa ita ce 0.5, wato kada a wuce balagaggiyar macen kwarkwata ɗaya ga kifi biyu, a wasu makonni bayan fitar sanyi kuma iyakar ta koma 0.2. Idan kifi ya daina cin abinci ko gyambo ya bayyana, a dakatar da wanka, a kira likitan kifi.