Filin Tambaya da Amsa: Jitar babana da armonika sun ƙi jituwa

Tambaya: Salamu alaikum Kawu. Ni matashi ne daga unguwar Yelwa a nan Garwa. Babanmu ya rasu ya bar jita, shi mutum ne mai son tsoffin waƙoƙi, rumbar Kwango da makosa da na turawa irin na kaset, nima inaso in riƙa kaɗa su yadda yake yi da yamma. Na sayi armonika, 'yar abar busa ta baki mai ramuka, a kasuwa dan in haɗa, amma wallahi in na hura sai inji kamar suna faɗa da jitar, ga yatsuna sai zafi. Wata uku kenan. Ko dai bani da baiwar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka ya sa ya huta. Maganar baiwa ka ajiye ta gefe tukuna, wanda ya iya jin cewa sauti biyu suna faɗa ai kunnensa na aiki, kuma kunnen shine jarin.

Ɗauko armonikar ka duba gefenta, zakaga harafi ɗaya an buga, C ko G ko A. Irin mai rami 10 ɗin nan murya ɗaya aka gina ta a kai, in C ce to Do kenan a ƙirgen da muka koya a lakwal, G kuma Sol. Jita kuwa tana zuwa ko'ina. To in kana kaɗa waƙa a Mi kana hura armonikar Do dole su yi faɗa, ko wanda ya shekara talatin yana kiɗa haka zai ji. Mafi yawan waɗanda ake kawowa kasuwa C ne shi yasa zan yi maka bayani a kanta.

Kafin komai ka daidaita tsirkiyoyin nan shida, daga mai kauri zuwa siririya: Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. Akwai manhajar waya ta kyauta da take nuna maka in ta hau ko ta sauka, kuma kullum zaka yi kafin ka fara, dan jitar da ta daɗe a rataye bata riƙe murya. Akor, wato sautuka da yawa da ake kaɗawa tare a jita, waɗanda suke tafiya da armonikar Do sune Do, Fa, Sol da La minar, kuma da waɗannan huɗun kaɗai zaka sha mamakin yawan tsoffin waƙoƙin da zasu fito. Fa ce mai wahala, ita ke sa yara da yawa su jingine jita. In ta gagare ka yanzu ka nemi kapo, wannan ɗan matsin da ake ɗaurawa a wuyan jita, ka sa shi a gaɓa ta 5 ta wuyan in ka ƙirgo daga kan jitar, ka kama Sol, Do, Re da Mi minar yadda ka saba, sautin da zai fito na Do ne, armonikarka zata bi.

Ita armonikar ka manta da sauran ramukan, ka zauna a 4 zuwa 7. Hura 4 Do, zuƙa 4 Re, hura 5 Mi, zuƙa 5 Fa, hura 6 Sol, zuƙa 6 La, a na 7 abin ya juye, zuƙa ce Si hura kuma Do na sama. Abin da nake so ka lura dashi, Do Re Mi Sol La ɗin nan guda biyar sune irin sautin da kunnenmu ya tashi dashi a garaya da molo da goge, shi yasa in ka tsaya a kansu zaka ji kamar ka san hanyar tun da. Marigayi Ali Farka Ture na Mali da kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya kama jita, kuma da irin sautin gida ɗin nan ya zaga duniya.

Kada ka haɗa jitar da armonikar yanzu. Ni a ganina nan ne kuskurenka babba, gaggawa. Zaɓi waƙa ɗaya tak cikin na babanka, ka saurare ta har ka iya rera ta da baki kana tafiya kan hanya, sannan ka neme ta a jita ita kaɗai har hannun dama ya riƙa tafiya ba ka kallonsa, ko ana maka magana baya tsayawa. Sai a lokacin zaka sa ƙarfen nan na wuya da yake riƙe armonika, ka fara da dogon hura ɗaya a kan kowane akor. Na ga wani yaro a Marwa ya lanƙwasa wayar rataye kaya yayi nasa, ya naɗe da tsumma inda yake taɓa wuya, kuma yana masa aiki sarai.

Yatsu kuma zasu yi kanta, minti 15 kullum yafi awa uku ranar Lahadi. Amma ka duba tsayin tsirkiya a gaɓa ta 12, in ya wuce milimita 3 ko 4 mai yiwuwa wuyan jitar ne ya lanƙwashe, kai ta wajen mai gyara. In tsirkiyar jitar ta roba ce tun asali kada ka kuskura ka sa mata ta ƙarfe, zata iya tumɓuke gadar, wato katakon da ake ɗaura tsirkiyoyin a jikin jitar. Kuma zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da bushewar hunturu suna tsaga katako su saki gam, dan Allah kada ka bar kayan babanka jikin bango ƙarƙashin kwano, sa ta cikin jaka a ɗaki mai sanyi.

Tambaya: Kawu ni ɗaliba ce a Ngawundare, rami ɗaya a armonikata ya daina kuka.

Amsa: 'Yata, a ciki akwai ƙananan harsuna na tagulla, siraran gaske, ɗan ɓarɓashin gyaɗa ko goro ko ƙura ya isa ya tsayar da ɗaya. Kwance murfin, ki zura 'yar siririyar takarda a hankali ƙarƙashin harshen ki ture abin, kada ki sa allura. In jikinta katako ne kada ki jiƙa ta da ruwa, kumbura zai yi ya yanke miki leɓe. Ki riƙa kurkure baki kafin ki hura, in kin gama ki bubbuga ta a tafin hannu ramukan na kallon ƙasa sannan ki mayar cikin akwatinta.