Amsa ga mai neman ƙarin girma da wuri

Malam, ka ce shekararka biyu a mataki na 8 a sakatariyar Katsina, kana neman hanyar hawa da wuri. Gaskiya a aikin gwamnati wa'adi ne: daga mataki na 7 zuwa 14, sai an shekara uku kafin a kira ka jarrabawa. Abin tsoro shi ne lokacin ya zo fayil ɗinka ba kammale ba. Ka je rajista, wato ofishin ajiye fayil, ka tabbatar takardar tabbatar da aikinka na ciki, fom ɗin APER (na auna ƙwazon ma'aikaci) na kowace shekara kuma da sa hannun maigidanka. Wasu nan suke makalewa, wallahi.

In difloma gare ka, nemi izini a rubuce ka ƙaro digiri a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua.