Kafinta ne ni amma ban iya zane ba, ta ina zan fara?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne a Kaduna, shekarata 11 a wannan sana'a, kayan ɗaki nake yi, gado da wadirob da kabad ɗin kicin. Hannuna ya faɗa a aiki, amma da an ce in zana abin da ke kaina sai in yi turus. Kwanan baya wata Hajiya ta ba ni aikin wadirob na auren 'yarta, muka yi magana baki da baki ta ce ta gane. Da na kai kaya ta ce sam ba haka take nufi ba, sai da na kwance rabinsa, ribar ta tafi a nan. Na haura shekara 30. Shin zane baiwa ce ko ana koyo? In ana koyo ta ina zan fara, ko in wuce kai tsaye in koyi na kwamfuta?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri.

Bari in fara raba maka abu biyu da mutane ke haɗawa. Akwai zanen da ake yi don a kalla a yaba, wanda za a zana fuskar mutum ka rantse hoto ne. A wannan kam ana samun waɗanda Allah ya ba hannu tun suna yara. Akwai kuma zanen aiki, wanda amfaninsa ya ɗauko abin da ke kanka ya ajiye a gaban wani, ya gan shi yadda kake ganinsa. Na biyun kake nema, shi kuwa ɗan'uwan rubutu ne. Kowa da allo ko littafi ya fara, rubutun wani ya yi kyau, na wani kamar kaza ta yi tono, amma duk ana karantawa. Ba ma baƙon abu ba ne a sana'o'inmu. Kafin mai allura ya taɓa babbar riga, sai wani ya zana aska biyu ko aska takwas a jikin ƙyallen da alƙalami da tawada, sannan a bi sawunsa da zare. Haka masu zanen hula ke yi wa mata masu ɗinki.

A 1850 wani mai kula da lambu a Ingila, Joseph Paxton, yana zaune a taron kamfanin jirgin ƙasa a garin Derby, ya jawo takardar da ake tsane tawada da ita ya zana wani gini. Daga wannan ɗan zanen aka fitar da katafaren zauren gilashin nan da aka yi bajekolin duniya a cikinsa a Landan a 1851, mai tsawon fiye da mita 560. Takardar tana nan a gidan tarihi na Victoria and Albert. In ka ga hotonta sai ka ce ai yaron shagonka ma zai yi wanda ya fi wannan tsabta. Amma fasalin ginin ya fito, mai kallo ya gane abin da ake nufi, iyakar abin da ake nema ke nan.

Ka fara da abin da nake kira kallo uku: yadda kaya yake in ka tsaya daidai gabansa, yadda yake ta gefe, da yadda yake in ka leƙo shi daga sama. Wani Bafaranshe masanin lissafi, Gaspard Monge, shi ya tsara ƙa'idar wannan a ƙarshen ƙarni na 18, kuma har yau a kanta injiniyoyi da masu zanen gini suke. Daɗin abin a wurinka shi ne kusan duk aikin kafinta akwati ne, akwati kuwa ta kowace fuska ka kalle shi layi huɗu ne. Wanda ya iya riƙe sukwaya ya gama rabin karatun.

Mu ɗauki wadirob mai faɗin santimita 180, tsayi 210, zurfi 60. Ka mayar da kowace santimita 20 ta katako ta zama santimita 1 a takarda, abin da ake rubutawa 1:20. Gaban wadirob ɗin zai zama 9 da 10.5, gefensa 3 da 10.5, samansa 9 da 3, duka ukun su shiga takardar A4 guda har da sauran fili na rubutu. In da inci ka saba aiki, ka sa inci 1 ya tsaya a madadin ƙafa 1, sai wadirob mai ƙafa 6 da 7 ya zama inci 6 da 7. Ka zana na gaba, na gefe a kusa da shi ƙafafunsu a layi ɗaya, na sama kuma daidai saitinsa, yadda in ka ja layi daga kusurwar wannan zai faɗa a kusurwar wancan. Sai ka rubuta awo a waje da zanen, kowane a kan layinsa mai alama a baki biyu. Ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kai, ka kuma rubuta a ƙasan takardar cewa duk lambobin nan santimita ne ko inci. Na sha ganin takardar da aka gwamutsa biyun, mai yanka ya yi ta zato.

A nan ne takarda ke fara biyan ka. Da baki, wadirob mai gida uku a faɗin 180 kowane gida 60 ne. Da ka zana kaurin falankin, in mai milimita 18 ne, za ka ga akwai tsayayyu huɗu, biyu na gefe biyu na tsakiya, sun cinye milimita 72. Abin da ya rage milimita 1728, kowane gida 576, wato santimita 57.6. Ka san wannan a hannu, na tabbata, amma yaronka da ka bari da zarto bai sani ba, Hajiya kuma da ta auna akwatin lefe ta ga santimita 59 ta riga ta sa a ranta zai shiga. Sannan tunda falankin yana zuwa ne ƙafa 4 da 8, kana iya zana shi a gefe ka jera gutsattsarin a kai, ka san guda nawa za ka sayo tun kafin ka faɗi kuɗi.

Akwai kallo na huɗu, wanda a ganina shi ne zai hana irin rigimar da ta same ka. Ka ƙaddara ka cire ƙofofin, ko ka sa zarto ka raba wadirob ɗin biyu ka leƙa ciki. Kanta nawa ne, tazarar nawa ke tsakaninsu, ina sandar rataye kaya, durowa nawa, wacce ce mai makulli. Ban ga aikinka ba, amma yawancin "ba haka nake nufi ba" daga ciki take fitowa. Kai ka ji wadirob ka hango rataye, ita kuma atamfofi da lesuka ne a ninke fal akwati, kantoci take so. In kuwa doguwar riga za a rataya, ana son sarari wajen santimita 150 ƙarƙashin sandar, zurfin kuma kada ya gaza 55, in ba haka ba hanga za ta riƙa tokare ƙofa.

Kallon sama ma kada ka rena shi. Ni kaina ya taɓa kayar da ni. Na ba wani mai walda zanen ƙofar get, na ƙawata gabanta da duk adon da mai gida ya zaɓa, ban zana ta sama ba, ban nuna inda za ta buɗe ba. Ya yi aikinsa tsaf, ƙofa ta buɗe ciki, ta daki matakalar baranda ta tsaya a rabi. Laifina ne, ɗan layi guda mai lanƙwasa kamar baka da zai nuna hanyar ƙyauren shi na bari. Kai ma ka riƙa zana ɗakin daga sama, ka sa gado da taga da ƙofar shiga, ka ja wannan bakan a gaban kowace ƙofar wadirob ka ga ko za ta bugi gado. Ka auna ƙofar ɗakin ma, ka ɗaga kai ka dubi fanka.

To amma kallo ukun nan yaren masu sana'a ne. Kwastoma yawanci layuka kawai yake gani, ya gyaɗa kai don kunya. Shi sai ka nuna masa kayan da jiki. Hanya mafi sauƙi: ka zana gaban yadda yake, daga kusurwoyinsa uku ka ja layuka a karkace zuwa sama ta dama, a kan digiri 45, ka ba su rabin awon zurfin, ka haɗa bakinsu. Shi ke nan akwati ya tashi. Masu kayan katako sun daɗe suna amfani da wannan salo, har sunansa na Turanci daga kabad aka samo shi. In hannunka ya saba sai ka koma salon da ake kira aisometirik, wanda wani malamin jami'ar Kambirij, William Farish, ya bayyana ƙa'idarsa a 1822: layukan tsaye suna nan a tsaye, na faɗi da na zurfi kuma kowanne ya kwanta a digiri 30, duk da awo iri ɗaya. Ya fi kyan gani, sai dai da'ira a cikinsa takan koma kamar ƙwai, sai an ɗan sha fama. Shi kuwa zanen da abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa, wanda Alberti ya rubuta dokokinsa a Italiya a 1435, ka bar shi tukuna. Ba a ɗaukar awo daga jikinsa, kuma shi ya fi sa masu koyo su ajiye fensir.

Kullum ka tsayar da mutum a gefen kayan, ko da sanda ce da ɗan zagaye a sama, ba sai da fuska ba, mai tsayin kamar santimita 165 a ma'aunin zanen. Nan take Hajiya za ta ga kantar sama ta fi ƙarfin hannun amarya.

Batun horar da hannu ba shi da yawa. Fensir HB da 2B, rula, littafin lissafi mai gida-gida irin na 'yan makaranta, sun isa. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Ka ɗiga ɗigo biyu, idonka a kan wanda za ka, ka ja layi a tafi ɗaya daga kafaɗa, ban da ƙananan shafe-shafe kamar gashin kaza. Ka fara da layi mara nauyi, in fasali ya zauna ka bi gefen waje da 2B ya yi kauri, na ciki su zauna sirara, abin da ke ɓoye a baya kuma ka yi shi da layi tsinke-tsinke. Wani lokaci ka yi da biro don ka daina dogara da gogewa. Abin zanawa kuwa ga shi nan cike da shagonka: benci, akwatin kayan aiki, kujerar tsuguno. Ka auna, ka zana, ka rubuta awo.

Jarrabawar da nake ba ɗalibai ita zan ba ka. Ka zana ƙaramin abu, ka miƙa wa yaron shago takardar da kwali da reza, ka ce ya haɗa, kai kuma ka kama bakinka. Duk inda ya ɗago kai zai yi tambaya, nan zanenka ya yi shiru, ka koma ka cike wurin. In ka yi haka sau goma za ka ga tambayoyin suna raguwa.

In kwastoma ta zo da hoto a waya, ka karɓa ka duba, amma ka sani hoto ba ya faɗin awo, kuma ɗakin da aka ɗauke shi ba nata ba ne. Ka jawo takarda a gabanta ka ce, "Hajiya, bari in gwada ko na fahimce ki." Kada ka ji kunyar layinka ya karkace. Na lura zane mai ɗan dagwalo ya fi sa mutum ya saki jiki ya ce a'a, nan durowa nake so, alhali wanda aka ƙawata sai a ga kamar an gama magana. Ka miƙa mata fensirin ma ta nuna da hannunta, gani ya kori ji. In kun daidaita ka sake shi da tsabta, ka sa kwanan wata, ta sa hannu ranar da za ta ba da kafin alƙalami, ka ɗauki hotonsa ka tura mata ta WhatsApp. Duk canjin da ya biyo baya a kan wannan takardar za a rubuta shi, da kuɗinsa.

Kwamfuta kuma ka koya, amma ba yanzu ba. Manhaja irin SketchUp ta dace da aikinka ƙwarai, za ta nuna kaya ta kowace fuska har da launi, masu manyan ayyukan kicin ma sukan nemi ganin hakan. Sai dai tambayoyin da za ta yi maka su ne waɗannan dai, faɗi nawa, zurfi nawa, kauri nawa, ta wace fuska kake kallo. Ka ba takarda wata uku tukuna, ka cika littafi ɗaya ko biyu. In ka kai inda yaronka ke haɗa kwali ba tare da ya ɗago kai ba, ka nemi mai koya maka manhajar, ka tafi masa da zanen wadirob ɗin Hajiyar nan ya zama darasinku na farko.