Filin Tambaya da Amsa: Abin da Ke Kawo Ciwon Ƙwaƙwalwa da Abin da Ke Hana Shi Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da taɓin hankali, likitoci sun ce sikizofireniya ce. Shekarata 24, ina shirin aure. Ni ma ciwon yana jirana ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gado yana da hannu, ba za mu ɓoye miki ba, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. A cikin jama'a, kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa da wannan ciwo. Ga wanda uwa ko uba ke da shi, adadin yakan kai kusan 10 cikin 100, wato tara cikin goma ba sa kamuwa. Ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, idan ɗaya ya kamu, damar ɗayan ba ta wuce kusan rabi ba. Da gado ne kaɗai, da babu wanda zai tsira a cikinsu.

Tun 1977 wani likita a Amurka, George Engel, ya ja hankalin masana cewa a riƙa duba abu uku tare: jiki, tunani da zamantakewa. Abin da ake gāda rauni ne, sai ya gamu da abin da zai tayar da shi. Wanda ke hannunki shi ne nisantar wiwi da sauran kayan maye, da kiyaye barci. Idan Allah ya ba ki juna biyu, ki gaya wa likita tarihin mahaifiyarki tun wajen awo, domin makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne da ake sa ido sosai.

Tambaya: Wata shida ke nan nakan ji gabana ya faɗi ba dalili, zuciya na bugawa, numfashi na sama-sama, har in ji kamar mutuwa zan yi. An gwada zuciyata an ce ƙalau take. Yanzu na daina shiga mota da taron jama'a. Mene ne wannan?

Amsa: Malam, abin da ka bayyana ya yi kama da ciwon firgici. Kafin komai, ka tabbata an auna jininka da ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro, saboda ƙarancin jini ko yawan aikin wannan ƙwaya suna kwaikwayon alamun. Yawan shan kofi ma haka.

In duk sun fito lafiya, ga yadda abin ke gudana. Masanin halayyar ɗan Adam David Clark ya bayyana shi a 1986: zuciya ta ɗan ƙara bugu, kai kuma ka fassara shi da cewa ajali ne ya zo. Tsoron ya ƙara wa zuciyar gudu, gudun ya ƙara tabbatar maka da fassarar. Numfashin gaggawa yana rage iskar kabon dayoksaid a jini, shi ke kawo jiri da jin kamar ana soka wa yatsu allura. Firgicin yakan kai ƙololuwa cikin kusan minti goma, sannan ya sauka da kansa.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarka shi ne daina shiga mota. Abin da ya kunna wutar daban, abin da ke hura ta daban. Duk ranar da ka guje wa mota sai ka ji sauƙi nan take, wannan sauƙin kuwa shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece ka. Ba ta taɓa samun damar ganin cewa ko ka zauna babu abin da zai faru.

Saboda haka maganin yana bin tsoron ne sannu a hankali, hanyar da likitan ƙwaƙwalwa Joseph Wolpe ya share a 1958. Ka rubuta wurare goma da kake gudu, ka ba kowanne maki daga 0 zuwa 100 gwargwadon tsoronsa. Ka fara da mai maki 30 ko 40, misali zama cikin mota tana tsaye. Ka zauna har tsoron ya ragu da kusan rabi, ko da zai ɗauki minti 40. Ka maimaita sau huɗu ko biyar a mako, sai matakin ya daina tayar maka da hankali kafin ka hau na gaba.

Inda mutane ke tuntuɓe guda uku ne. Fita a daidai lokacin da tsoro ya yi tsanani yana ƙara masa ƙarfi. Barin tazara mai tsawo tsakanin gwaji yana goge abin da aka koya. Na ukun ya fi ɓoyuwa: riƙe abin dogaro, kamar sai da rakiya, ko ƙwaya a aljihu, ko zama kusa da ƙofa, domin ƙwaƙwalwa sai ta ce su suka tsare ka. Diyazefam, wato wani maganin kwantar da hankali, yana kwantar da firgici nan take, amma jiki yana sabawa da shi, shi ya sa ba a so a wuce mako biyu zuwa huɗu ana shansa. Ka nemi masanin halayya da ya ƙware a maganin gyara tunani da ɗabi'a. Yawanci zama ɗaya ne a mako na kusan awa guda, sau 12 ko ƙasa da haka.

Tambaya: An ba ƙanena maganin ciwon damuwa, ya sha kwana goma ya ce ba ya aiki, ya ajiye. Hira da masani ba za ta wadatar ba?

Amsa: Kwana goma sun yi kaɗan, Malama. Irin waɗannan magunguna sukan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, alhali tashin zuciya da ciwon kai tun makon farko suke bayyana. Nan ne da yawa ke yanke ƙauna. Ko bayan an warke, ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, kuma likita ne ke rage shi a hankali.

Idan ciwon mai sauƙi ne ko matsakaici, zama da masani kaɗai yana iya wadatarwa. Hanyar da likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya kafa a shekarun 1960 tana koya wa mara lafiya ya rubuta tunanin da ke zuwa masa, irin su "ba ni da amfani", ya jera hujjojin da ke goyon bayansa da waɗanda ke ƙaryata shi. Ana kuma tsara masa ƙananan ayyuka kullum, ko tafiyar minti 15 ce, ba tare da jiran sha'awa ta zo ba, domin a wannan ciwo sha'awa bayan aiki take dawowa. Idan ya yi tsanani, haɗa magani da zama ya fi.

Ku koma wurin likitan tare. Ki gaya masa idan ƙanenki ya taɓa yin kwanaki ba ya barci amma yana cike da kuzari da yawan magana, don wannan yana canza irin maganin da za a ba shi. Ki kuma tambayi ƙanenki kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.