Amsa ga ƙanena mai son zuwa New York karatun zanen gini

Wa alaikumus salam ƙanena. Saƙonka ya iso tare da hotunan ayyukanka. Ka ce ka gama digirin zanen gini a Zariya, kana neman gurbin digiri na biyu a Amurka, kana tambaya ko hotunan da ka fitar da manhajojin SketchUp da Lumion za su ishe ka samun aiki a ofishin masu zane a New York. Hannunka yana da kyau, ma sha Allah, kuma wajen neman makaranta za su yi maka rana. Amma a ofis, abin da ake fara ɗora wa sabon yaro wani shafi ne da ba shi da ado ko kaɗan, shafin jadawalin dokar shiyya da bayanan fili. A kansa nake so ka ba da ƙarfi tun kana gida.

Birnin nan kowane fuloti yana ƙarƙashin shiyya: R ta gidajen zama, C ta kasuwanci, M ta masana'antu, kowace da lambarta. An kafa dokar a 1916, bayan dogon benen Equitable ya tare wa maƙwabtansa rana a Manhattan, aka sake rubuta ta gaba ɗaya a 1961. Jigonta shi ne FAR, wato ninki nawa na faɗin filinka aka yarje maka ka gina idan an haɗa duk hawa. Fulotin da aka saba gani a Brooklyn ko Bronx, inda 'yan'uwanmu na Nijar da Gana suke da yawa, ƙafa 25 ne a gaba, 100 a tsawo, rabin hamsin da ɗarin da ka sani ke nan. Murabba'in ƙafa 2,500. A shiyyar R6B ninkin 2.0 ne, don haka 5,000 ce iyakarka. Ko ƙafa goma ka ɗora a kai, mai duba zane na hukumar gine-ginen birni zai dawo maka da takardunka.

Jadawalin sahu huɗu ne: sashen dokar, abin da ta yarda, abin da ka zana, sai ko ka cika sharaɗi. Ƙarƙashinsu ake jero faɗin fili, yawan ƙasar da gini ya rufe, tsayi, ja da baya daga titi, sararin bayan gida, yawan gidaje, wurin ajiye mota.

Yadda da yawa suke yi shi ne su buga lambobin a Excel, su ɗauki hoton jadawalin su manna a shafin Revit, manhajar da ake zana ginin da ita. Ranar farko daidai yake. Bayan mako biyu mai gini ya ce a faɗaɗa kicin, an matsar da bango ƙafa ɗaya a hawa huɗu, zane ya canza, hoton kuwa yana nan yadda aka manna shi. Na ga aikin da ya yi makonni a tsaye saboda lambar shafin farko ta saɓa da ta shafin hawa na uku, mai gini kuma yana biyan ruwan bashin banki kullum. Wannan abu yana ci mini rai, domin kuɗin mutane ne da amanarsu.

Abin da za ka koya shi ne lambar ta fito daga jikin ginin da kanta. A Revit ka buɗe tsarin auna faɗi na daban don lissafin doka kawai, kada ka cakuɗa shi da na jimillar gini, saboda doka ba komai take ƙirgawa ba. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da fiye da rabin tsayinsa ya nutse ƙasa da bakin titi ba ya shiga lissafi, wanda bai kai haka nutsewa ba yana shiga. Wurin injina ma ana cirewa. Ka zagaye kowane yanki da layin iyaka, ka yi masa alamar ana ƙirgawa ko ana cirewa, sannan jadawali ya tara. Ka riƙa leƙa shi kullum: in layin iyaka ya bar 'yar kafa a kusurwa, manhajar ba za ta ba yankin lamba ba, za ta rubuta cewa ba a rufe yake ba, jimilla ta ragu, kai kuma kana murna kana da sauran wuri.

Akwai inda Revit take gardama. Lissafinta a jadawali layi-layi yake tafiya, ba ta ɗaukar jimillar da ke ƙasan jadawali ta raba da faɗin fili kai tsaye. Dabarar ita ce ka ba kowane yanki ma'aunin da ke ɗauke da faɗin filin, ka sa a raba faɗin yankin da shi a kowane layi, sannan a tara sakamakon. Abin da ya fito a ƙasa shi ne ninkinka. Sahun abin da doka ta yarda kuwa da hannu ake cika shi, domin manhaja ba ta karanta doka. Kuma kada ka kwafe shi daga tsohon aiki: a Disambar 2024 majalisar birni ta amince da gyaran dokar shiyya mai suna City of Yes, wanda ya taɓa ƙa'idar wurin ajiye mota, ya kuma ba da ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari na faɗin gini ga wanda zai ware ƙarin don gidaje masu rangwamen haya.

Maganar lasisi doguwa ce, sai wani saƙon. A taƙaice, tsarin NCARB, majalisar hukumomin rajistar masu zanen gini ta Amurka, yana neman awa 3,740 na aikin horo da jarrabawa kashi shida, kuma ka tabbata digirin da za ka nema yana da amincewar NAAB, hukumar tantance digirin zanen gini, kafin ka biya ko sisi.

Ba sai ka jira biza ba. Autodesk, masu Revit, tana ba ɗalibai manhajar kyauta shekara guda, ana sabuntawa muddin kana makaranta, sai dai kwamfutar ta zama mai Windows. Dokar tana intanet kyauta, haka taswirar ZoLa, wadda za ka danna fuloti ta gaya maka shiyyarsa da faɗinsa. Zaɓi fili ɗaya a R6B, ka mayar da ma'auninka ƙafa da inci maimakon milimita, ka zana gida hawa huɗu da jadawalinsa. In ka gama, matsar da bango ɗaya ka ga ko lambar ta motsa. Turo mini fayil ɗin in duba maka, sannan ka sa shafin a cikin kundin ayyukanka kusa da hotunan. Ka gaida su Baba da mutanen gida.