Giraf ɗin CPU ba zai gaya maka mutane sun kasa shiga ba

Salam yarona, na ga saƙonka. Ka ce ka ɗora Grafana, manhajar nan ta zana giraf, giraf ɗin CPU da na RAM ɗin sabar RADIUS ɗinku, wadda ke tantance masu hawa wayifai, duk lafiya lau ko kashi 10 ba su kai ba, amma ga mutane na ta kira wai sun kasa hawa wayifai, kana tambaya to me ya kamata ka riƙa zanawa. Tambayar nan ta yi min daɗi wallahi, don nan ne aikin yake.

Ka fara gane wannan, sabar tantancewa ba ta cika cin CPU ba. Yawancin rayuwarta jira take yi, a turo mata suna da kalmar sirri, ta je ta tambayi inda ake ajiye sunayen mutane, wato LDAP ko Active Directory ko rumbun SQL, ta zauna tana jiran amsa. To in wancan na bayan ya yi nauyi ita kuwa zama kawai za ta yi, CPU ɗinta ma sai ya ƙara sauka, kai kana kallon giraf kana cewa komai daidai alhali layi ya cika a bakin ƙofa. Saboda haka abin da za ka zana shi ne abin da mai shiga yake ji a jikinsa: an amsa masa ko ba a amsa ba, an karɓe shi ko an kore shi, kuma cikin wane lokaci.

Tunda manhajar FreeRADIUS kuke amfani da ita, lambobin nan tana da su a ajiye, kunnawa kawai za ka yi. Shiga foldar sites-available za ka ga wani fayil mai suna status, ka kunna shi, zai saurara a fot, wato ƙofar sadarwa, mai lamba 18121, daban da 1812 na tantancewa da 1813 na lissafin amfani. Ka tura masa saƙon tambayar hali mai suna Status-Server da 'yar manhajar radclient zai zubo maka jimillar Access-Request (buƙatar shiga), Access-Accept (karɓa), Access-Reject (kora), Access-Challenge (ƙarin tambaya), da waɗanda aka maimaita da waɗanda aka yar. Don Allah ka canza kalmar sirrin da ta zo a cikin fayil ɗin, kowa ya san ta, kuma ka bar shi yana saurare a cikin na'urar kaɗai sai in da dalili.

Amma fa kar ka ɗauki lambobin nan ɗanyensu ka zana. Jimilla ce, hawa kawai take yi tun ranar da aka kunna sabar, kamar lambar kilomita a dashbod ɗin mota, kai kuwa allurar gudu kake nema, wato guda nawa ke shigowa a sakan ɗaya yanzu yanzu. In manhajar Prometheus ke kwaso maka lambobin to lissafinta mai suna rate ne zai yi maka wannan, kuma shi ya san in an sake kunna sabar lambar ta koma sifili ba zai zana maka shirme ba. In kuma RRDtool ne ke ajiye lambobin a ƙarƙashi, irin su Cacti da Munin, ka kula da nau'in ma'ajin da ka zaɓa, don nau'in COUNTER in ya ga lamba ta faɗo ƙasa ɗauka yake ta cika ne ta zagayo, sai ya ja maka wani dogon tsini har sama wanda zai danne duk sauran giraf ɗin ya koma kamar layi miƙaƙƙe. Nau'in DERIVE da mafi ƙanƙanta sifili shi ke maganin wannan.

Toh yanzu karatun giraf ɗin. Ka haɗa karɓa da kora a allo ɗaya, ka kuma fitar da kason kora cikin ɗari, don adadi shi kaɗai yaudara ne, kora 50 da tsakar dare ba ɗaya ba ne da kora 50 lokacin da kowa ke zuwa aiki. Kora ba ta taɓa zama sifili ba, kullum akwai mai kuskuren kalmar sirri, akwai tsohuwar wayar da mai ita ya canza kalmar sirri bai gyara a cikinta ba tana ta ƙwanƙwasawa dare da rana. Abin da kake nema shi ne sauyi. In kora ta yi tsalle karɓa ta faɗi lokaci guda, matsalar taku ce, ka duba LDAP, ka duba satifiket, wato takardar shaidar sabar, ka tambaya wa ya taɓa saiti. In kuma kora ta yi tsalle amma karɓa tana nan yadda take, to mutanenka na shiga lafiya, wani ne ke gwada kalmomin sirri ko wata na'ura ce ta rikice, sai ka shiga log ka ga daga ina.

Wani abu da ke ruɗa sababbin hannu, za ka ga Access-Request ya ninka karɓa da kora sau da yawa ka ɗauka saƙonni na ɓacewa. Ba ɓacewa suke ba. Wayifai mai PEAP, wata hanyar tantance mai shiga a ɓoye, shiga ɗaya sai an yi kai da kawo wajen sau goma, kowanne sabar na mayar da Access-Challenge kafin a kai ga hukunci. Sai dai in ka ga Challenge na ta hawa ba tare da karɓa ko kora sun biyo baya ba, wannan hira ce ake farawa ana yankewa a tsakiya, kuma sau da yawa wayoyi ne suka ga satifiket ɗin sabar suka ƙi yarda da shi suka yi shiru. Wannan ba zai fito maka a layin kora ba sam.

Layin da ni na fi so duk a ciki shi ne na maimaici, wato saƙon da aka sake turowa. RADIUS a kan UDP yake tafiya, hanyar aika saƙo da ba ta tabbatar da ya isa, in na'urar wayifai ta turo ba ta ji amsa ba cikin 'yan sakanni sai ta sake turo wannan saƙon dai. Kenan da zarar maimaici ya fara ɗagawa galibi sabar ta fara jinkiri, tun kafin waya ta fara ƙara a ofis. Ina kyautata zaton naku in ka zana shi a nan za ka kama ɓarawon. Ka haɗa shi da log, in ka ga tana cewa ta yar da maimaici saboda na farkon bai gama ba, je ka duba abin da take jira a baya.

Sai lokacin amsa. Kar ka yarda da matsakaici, mutum 95 su shiga cikin milisakan 20, mutum 5 su jira sakan 10, matsakaicin zai ba ka wajen rabin sakan ka ce ba laifi, alhali biyar ɗin nan su ne masu kiranka. Ka zana na kashi 95 da na kashi 99, wato lokacin da kashi 95, ko 99, na masu shiga suka samu amsa a cikinsa. Kuma ka raba lokacin karɓa da na kora, domin FreeRADIUS da gangan take riƙe kora na sakan ɗaya, reject_delay ke nan a radiusd.conf, don ta rage wa masu gwaje-gwaje gudu, in ka cakuɗa su za ka yi ta neman jinkirin da babu shi.

Duk wannan sabar ce ke ba da labarin kanta, in ta mutu kuwa ba ta da bakin magana. Don haka ka buɗe akawun na gwaji wanda ba shi da ikon komai, daga wata na'ura daban ka sa manhajar gwaji radtest, ko eapol_test in EAP ne, wato dangin su PEAP, ya riƙa shiga duk minti ɗaya, ka zana ya shiga ko bai shiga ba da tsawon lokacin da ya ɗauka. Kuma kowace saba da layinta, in biyu gare ku ka haɗe su a jimilla ɗaya to ɗaya za ta iya kwana a mace ba wanda ya sani.

Ƙananan abubuwa biyu da ke kayar da manya: kwana nawa ya rage wa satifiket, da bambancin agogo. Kerberos, tsarin tantancewa na Active Directory, ba ya yafe bambancin fiye da minti 5 a saitinsa na asali, lambobin shiga na sau ɗaya da manhajar waya ke bayarwa kuma duk sakan 30 suke canzawa, saboda haka ka sa gocewar NTP, mai daidaita agogon na'urori, a allo.

Maganar ƙararrawa mai sanar da kai in an samu matsala kar ka yi gaggawa. Ka bar giraf ɗin ya tara sati biyu tukuna, ka ɗora layin satin da ya wuce a kan na yau, a nan za ka ga safiyar Litinin da nata hali ƙarshen mako da nasa, har faɗuwar buƙatu zuwa ƙasa a lokacin da ya kamata a ce ana cunkoso ita ma alama ce, watakila saƙon ne ba ya isowa. In RRD ne ka ajiye MAX, wato mafi girma, ba AVERAGE, wato matsakaici, kaɗai ba, in ba haka ba cunkoson minti 5 zai narke a giraf ɗin wata. Ka fara da karɓa da kora da maimaici da gwajin nan na minti minti, in sun yi sati biyun ka turo min hotonsu mu zauna mu ga inda za mu sa iyaka.