Takardun baƙi masu zuwa ɗaukar fim

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ƴan fim daga Kano sun kira ka, suna so su zo Maraɗi su ɗauki wani sashe na fim ɗinsu, kai ne za ka yi musu jagora. Kana tambaya ko dole ne su nemi izini tunda Hausawa ne ƴan'uwanmu, kuma nawa za ka ce su tanada.

Dole ne. Da zarar motarsu ta wuce Jibiya ta iso Ɗan Isa, baƙi ne a idon hukuma, ko da kakarsu a Tibiri aka haife ta. Mu ma idan muka je Kano da kamara haka ne, akwai hukumar tace fina-finai ta jihar tun 2001, ba ka kafa kamara ka ce ai gida ne. Ba wulaƙanci ba ne, haka sana'ar take a ko'ina.

Takarda ta farko daga Yamai take fitowa, daga cibiyar fina-finai ta ƙasa, CNCN. Ka ce su aiko maka da labarin fim ɗin a taƙaice, sunayen duk masu zuwa da hoton takardun shaidarsu, wuraren da za a yi ɗauka da ranakun. Tun kafin su ɗaura kaya za a yi wannan. Wanda ya bari sai ya iso sannan ya fara nema, zai zauna a masauki yana ciyar da mutum ashirin, kamara na cikin jaka.

Kayan aiki kuwa maganar duwan ce, wato kwastan, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Turawa suna da wata takarda da ake kira ATA, wadda ke ba mutum damar shiga ƙasashe kusan 80 da kayansa ya fito ba tare da biyan haraji ba, tana aiki har shekara guda. Nijar ba ta cikin wannan tsari. Saboda haka sai an rubuta komai a matsayin kayan da suka shigo na ɗan lokaci: kamara, gilasanta, fitilu, na'urar ɗaukar murya, kowanne da lambar da ke jikinsa. Ka zauna da kanka, ka juya kowace kamara ka karanta lambar da ke ƙarƙashinta, ka gwada da abin da ke takarda. Harafi ɗaya ya saɓa, ranar fita za a ce ba ita ce ta shigo ba, an sayar da waccan an sauya. Duron kuma, ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, kada ya tashi sai da izininsa na daban. A halin tsaron da muke ciki ba abin wasa ba ne. Barikin soja, ofishin jandarma, filin jirgi, kada ma bakin kamara ya kalli wajen.

To amma takardar Yamai ba ta shigar da kai zauren kowa. Idan ta fito, ka kai kwafi ofishin gwamna, da na magajin gari, da ƴan sanda. In za a ɗauki ƙofar fada ko hawan sallah, ka je da kanka ka yi gaisuwa a fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ka faɗi abin da ke tafe da ku. In babbar kasuwa ce, shugabannin ƴan kasuwa. In bakin tabkin Madarunfa ne, masunta suna da manyansu. Wannan shi ne aikinka na ainihi, shi ya sa suka neme ka ba su zo kai tsaye ba.

Kuma mai tuyar ƙosai da za ta fito a hoton, da dattijon da ke zaune ƙofar gidansa, a tambaye su. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai: a zo a ɗauki fuskar mutum, a tafi a ci kuɗi da ita, shi ko sannu ba a ce masa ba. In ya ƙi, a juya kamara. In an tare wa mace wurin sana'arta rabin yini, a biya ta cinikin da ta rasa.

Maganar kuɗi, kada ka yanka musu farashi daga kanka. Galibi kuɗin izini yana bin irin aikin da yawan kwanaki. Fim na kasuwa daban, talla daban. Ka sa ofishin ya ba ka adadin a rubuce, ka tura musu yadda yake. Duk jikar sefa da ta fita hannunka ta dawo da rasit mai hatimi. Ladanka kuma ka faɗe shi a fili, kada ka cusa shi cikin kuɗin hukuma, domin ranar da suka gane, sunanka ya mutu daga nan har Kano.

Ka ce ka ji a wasu ƙasashe har biyan baƙi ake yi. Gaskiya ne, amma ka fahimci yadda yake. A Maroko, inda manyan fina-finan Amurka ke zuwa Warzazat, hukumar fim ɗinsu tana mayar wa kamfanin waje kashi 30 cikin 100 na abin da ya kashe a ƙasar, tun 2022, in ya kai dirhami miliyan 10 da aikin kwana 18. Duk da haka baƙo ba ya samun izini sai ta hannun kamfanin ɗan ƙasa. Da haka ƴan ƙasar suka samu aiki, daga direba har mai ɗinkin kaya.

Gobe ka zo shago da safe da jerin kayan nasu, mu bi shi tare kafin ka tura Yamai.